Masu kula da abokan hulɗa a kamfanonin layin waya: Su wane ne, kuma mene ne aikinsu?

Duk wanda layinsa ya taɓa ɓacewa, ko aka toshe shi, ko katin da ya saka ya zurare bai san inda ya tafi ba, ya san inda ake dosa: ofishin kamfanin layin, ko lambar kiran masu kula da abokan hulɗa. Wanda zai tarar a can ba shi ne mai kamfanin ba, ba shi ya yanke farashi ba, kuma ba shi ya kafa dokar rajista ba. Ma'aikaci ne da aka ajiye domin ya saurari koke, ya sayar da haja, ya kuma warware abin da aka ba shi ikon warwarewa.

A yau layin waya ya zama makullin asusun banki. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ba ya sakin kaya sai ya ga saƙon shigar kuɗi, ma'aikacin gwamnati kuma ta layinsa yake sanin albashi ya sauka. Saboda haka aikin wannan ma'aikaci ya wuce sayar da kati, ya koma riƙon amanar dukiya da sirrin jama'a.

Asalin aikin

Kafin shekarar 2001, harkar tarho a Najeriya tana hannun kamfanin gwamnati na NITEL, kuma layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin shugabancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agustan shekarar ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki.

A wancan lokaci layi ɗaya kan kai Naira dubu 20 ko fiye, kiran minti ɗaya kuma Naira 50 ne, ko da mai kira bai cika mintin ba. Globacom na Mike Adenuga ya shigo a watan Agustan 2003 da tsarin cajin kira a kan daƙiƙa, abin da ya tilasta wa sauran sauke farashi. Etisalat ya biyo baya a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sannan ya sake suna zuwa T2 a 2025. Shi kuwa Econet ya yi ta sauya hannu da suna, daga Vmobile zuwa Celtel, zuwa Zain, har ya tsaya a kan Airtel a 2010.

A shekarun farko aikin mai sauƙi ne. Ana sayar da layi kamar yadda ake sayar da batir, babu tambayar suna balle hoto. Mafi yawan masu cin abinci a harkar masu sayar da kati ne da masu zama ƙarƙashin lema a bakin titi suna ba da hayar waya. Da layuka suka ƙaru zuwa miliyoyi, gwamnati kuma ta shigo da dokokin tantance masu su, sai aikin ya rikiɗe ya zama sana'a mai ƙa'idoji da horo da hukunci.

Rukunan ma'aikatan

Jama'a kan ɗauka duk wanda ya sanya riga mai tambarin kamfani ma'aikacin kamfanin ne. Ba haka abin yake ba. Ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko su ne ma'aikatan manyan ofisoshin kamfanin da ke biranen jihohi. A nan ake da cikakken ikon duba bayanan layi da warware matsaloli masu sarƙaƙiya, kamar na layukan kamfanoni da ma'aikatu.

Na biyu su ne ma'aikatan shagunan dillalai. Shagon na ɗan kasuwa ne mai zaman kansa da ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin, ya yi wa wurin fenti da tambarinsa, yana karɓar kamasho a kan abin da ya sayar. Shi yake ɗaukar ma'aikata, shi yake biyan su. Irin waɗannan shaguna sun fi ofisoshin kamfanin yawa nesa ba kusa ba, kuma ikonsu a kan na'ura bai kai na babban ofishi ba. Wannan ne ya sa ake yawan jin, “Alhaji, wannan sai ka je babban ofis.”

Na uku su ne wakilan da ke yawo ko zama a kasuwanni da tashoshin mota, irin su Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, ɗauke da na'urar rajista. Mafi yawansu ba su da tsayayyen albashi, abin da suka yi rajista shi ne abincinsu.

Na huɗu su ne masu amsa kira da masu amsa saƙonni a Facebook da X da WhatsApp. Ba a ganin su, muryarsu ko rubutunsu kawai ake sani, kuma galibi wani kamfani ne dabam ya ɗauke su a madadin kamfanin layin.

Abin da ake yi a kan kanta

Aikin yau da kullum a ofishi ya ƙunshi rajistar sabon layi, da haɗa layi da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta NIN, da dawo da layin da ya ɓace ko ya lalace, wanda jama'a suka fi sani da “welkam bak”. Akwai kuma gyaran suna ko ranar haihuwa idan sun saɓa da abin da ke rumbun hukumar NIMC, da sauya tsohon layi zuwa na 4G ko 5G, da saka layin da ba ya buƙatar kati, wato eSIM.

Tun watan Afrilun 2013 mai layi yana iya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Kyauta ake yi, amma sai mutum ya je da kansa ofishin kamfanin da yake son komawa.

Ɓangare na biyu na aikin ciniki ne. Ma'aikacin yana tallar data, da na'urar intanet ta gida da ta aljihu, wani lokaci har da wayoyi. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ba kamfanonin lasisin bankunan biyan kuɗi, aka samu MoMo na MTN da SmartCash na Airtel da suka fara aiki a 2022, buɗe irin wannan asusu ma ya shiga cikin abin da ake so ma'aikaci ya tallata. Shi ya sa wanda ya zo da koke kan ji an ɓige da yi masa tallar wani abu. Ba rashin kula ba ne, umarnin aiki ne, kuma ana ƙirga wa ma'aikacin.

Cikin cibiyar amsa kira

Cibiyar amsa kira ba ta rufewa, dare da rana, ranar Sallah ko Kirsimeti. Ma'aikata na karɓa-karɓa ne, kowa da kwamfutarsa da abin saƙalawa a kunne. Ana amsa kira da Ingilishi da Hausa da Yarbanci da Ibo da kuma Turancin buroka. Wannan ya sa iya Hausa ya zama jari ga matasan Arewa masu neman irin wannan aiki, domin miliyoyin masu layi ba sa iya bayyana damuwarsu da wani harshe.

Kusan komai a wurin a kan awo yake. Na'ura tana lissafa yawan kiran da ma'aikaci ya amsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka a kan kowane kira, da ko ya warware matsalar a kiran farko ko mai layin ya sake bugowa. Ana naɗar kiran, wasu jami'ai kuma su saurara su ba da maki: ya yi gaisuwa yadda aka tsara? Ya tantance mai kiran kafin ya buɗe bayanansa? Ya ɗaga murya? Makin nan yana shafar alawus, wani lokaci har da sabunta kwantiragi.

A nan ne ake samun karo da al'ada. Bahaushe ba ya shiga magana sai ya tambayi gida da aiki da gajiya, agogon na'ura kuwa yana tafiya. Gwanin ma'aikaci shi ne wanda zai ce, “Baba, barka da yamma, da me zan taimaka?” ya ba dattijo girmansa, ya kuma ja shi zuwa ga matsalar ba tare da ya ji an katse shi ba.

Tun watan Mayun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin duka. A kowane layi, 300 ce lambar kiran masu kula da abokan hulɗa, *310# ta duba kuɗi, *311# ta saka kati, *312# ta sayen data, *323# ta duba ragowar data, *303# kuma ta cin bashi. Lambar 2442, wadda aka fito da ita a 2016, ita ce ta dakatar da saƙonnin talla da ba a nema ba.

Yadda rajista ta sauya aikin

Babu abin da ya sauya wannan sana'a kamar dokar rajistar layi da ta fara aiki a 2011, wadda ta wajabta ɗaukar hoto da tambarin yatsun mai layi. A watan Oktoban 2015 NCC ta ci tarar MTN Naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka sama da miliyan 5 da ba a kammala rajistarsu ba, a kan Naira dubu 200 kowane layi. Bayan tattaunawa an rage tarar zuwa Naira biliyan 330 a 2016. Daga nan duk kamfanonin suka tsaurara. Hoton da bai fita ba ko yatsan da na'ura ba ta karanta ba ya zama dalilin mayar da rajista, kuma wakilin da ya yi ta kan rasa kamashonsa.

A watan Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake Ministan Sadarwa, gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, ta kuma dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa Afrilun 2021. Wakilan da ke rayuwa a kan kamashon rajista sun shafe waɗannan watanni babu abin yi. A watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka ci gaba da ɗage wa'adi har zuwa na ƙarshe, 14 ga Satumbar 2024. Bayan tankaɗe da rairayar, adadin layuka masu aiki ya sauko daga sama da miliyan 200 zuwa kimanin miliyan 155.

A duk tsawon wannan lokaci ma'aikacin kanta ne ya sha dogon layi da zafin rai. Sau da yawa matsalar ba a hannunsa take ba. Idan rumbun NIMC bai amsa ba, ko sunan da ke kan layi “Muhammadu” ne na kan NIN kuma “Mohammed”, babu abin da zai iya dannawa ya wuce.

Amana da haɗarin satar layi

Mafi nauyin aiki a kanta shi ne dawo da layi. Duk wanda ya mallaki layin mutum zai iya karɓar lambobin sirrin da banki ke turowa, ya kuma yi amfani da gajerun lambobin banki ya kwashe abin da ke asusu. Saboda haka ɓarayi kan zo da siffar mai layi, su ce wayarsu ta faɗi.

Wannan ne dalilin tambayoyin da kan gundiri jama'a: NIN, da lambobin da aka fi kira, da kati na ƙarshe da aka saka, da kwalin layin ko takardar rantsuwa daga kotu, sannan a gwada yatsa ko fuska da abin da ke rumbu. Maigidan da ya aiko yaronsa ko direbansa, aka ce sai ya zo da kansa, kan ɗauka raini ne. Alhali wannan ƙin shi ne katangar da ke tsakanin asusunsa da ɓarawo.

Ma'aikacin da kansa ana sa masa ido. Kowa yana shiga na'ura da sunansa, kuma duk layin da ya buɗe yana barin sawu. Ba shi da izinin ba miji jerin kiran matarsa, ko ya faɗa wa mai bin bashi inda wani yake, komai kusancinsu. Jami'an tsaro ma ta hanyar da doka ta tsara suke nema, ba a kan kanta ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 sun tanadi hukunci a kan fitar da bayanai ba bisa ƙa'ida ba. Haka kuma sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani laifi ne. Mai sayensa ma yana cikin haɗari, domin ranar da layin ya ɓace ba zai iya dawo da shi ba, tunda ba sunansa ke kai ba.

Ma'aikacin gaskiya ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katin banki, ko BVN, ko lambar da banki ya turo. Duk wanda ya bugo ya nemi waɗannan da sunan kamfanin layi, ɗan damfara ne.

Ɗaukar aiki da sharuɗɗansa

Ofisoshi da cibiyoyin amsa kira galibi suna neman mai difloma ko digiri, da iya kwamfuta, da iya magana. Shagunan dillalai da aikin wakilci kan karɓi mai takardar sakandare. Ana ba da horo a kan hajojin kamfani da na'urorin aiki da ladubban magana kafin a bar sabon ma'aikaci shi kaɗai. Wanda ya yi haƙuri kan tashi daga mai amsa kira zuwa shugaban rukuni, ko mai duba ingancin kira, ko manajan shago, wasu kuma su tsallaka bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na intanet, inda ake daraja wannan gogewa.

Babban abin da ake jayayya a kai shi ne aikin kwantiragi. Da yawa daga cikin masu sanye da rigar kamfani, takardar ɗaukarsu ta wani kamfanin samar da ma'aikata ce, kuma albashinsu da haƙƙoƙinsu ba ɗaya suke da na cikakkun ma'aikata ba. A watan Yulin 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta yi wa ofisoshin MTN ƙawanya a jihohi da dama bisa zargin aikin wucin gadi da hana shiga ƙungiya, zargin da kamfanin ya musanta. Ƙungiyar PTECSSAN, ta manyan ma'aikatan kamfanonin sadarwa masu zaman kansu, ita ma ta daɗe tana kokawa a kan wannan tsari.

Mai neman aikin yana da abubuwan da ya kamata ya sani. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira dubu 70 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko wanda ake biya da kamasho, kuma a nan ne yawancin ma'aikatan ƙananan shaguna da wakilai suka faɗa. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan mai ɗaukar aiki, kashi 8 a kan ma'aikaci. Idan rikici ya taso, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi. Tambaya ta farko da ta kamata matashi ya yi kafin ya sa hannu ita ce: wane ne ainihin wanda ya ɗauke ni?

Idan sabis ya ɗauke

Yawancin abin da ke fusata jama'a daga nesa yake tasowa. Masu aikin hanya kan tsinke wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ɓarayi kan sace batura da man janareton turakun sadarwa. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. A watan Satumbar 2021 gwamnati ta sa an rufe sadarwa a Zamfara, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga, masu sayar da kati da wakilai suka zauna makonni babu ciniki. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ke bakin kanta ne ya amsa tambayar da ba shi ya jawo ta ba.

Wani lokaci abin kan wuce faɗa da baki. A ƙarshen Yulin 2024, bayan toshe ɗimbin layuka saboda NIN, jama'a sun yi dafifi a ofisoshin kamfanoni, aka lalata wani ofishin MTN a unguwar Festac da ke Legas. NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan, MTN kuma ya rufe ofisoshinsa a faɗin ƙasar a ranar 30 ga watan domin kare ma'aikatansa. Hausawa na cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Hanyar kai koke

Dokar Sadarwa ta 2003 da ƙa'idojin kare masu amfani da layi da NCC ta shimfiɗa sun ba mai layi haƙƙin a saurari kokensa. Matakin farko shi ne kamfanin da kansa, ta 300 ko a ofishi, kuma a nemi lambar shaidar koken a adana ta. Idan ba a warware ba, ko ba a gamsu ba, sai a kira 622, lambar NCC ta kyauta, a ba da waccan lambar. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ma tana karɓar ƙorafi.

Wanda ya je da NIN ɗinsa, ya riƙe ranar da abin ya faru da adadin kuɗin da aka cire, ya kuma bar saƙon da aka turo masa bai goge ba, ya rage wa kansa rabin wahala. Ya kamata kuma a tuna cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana katse shi, daga baya a sake sayar wa wani. Duk wanda zai bar layi, ya fara cire shi daga asusun bankinsa.

Ina aka dosa?

Kati mai kankarewa yana ja da baya, jama'a sun koma saye ta banki da manhajojin waya da masu POS. Kamfanonin sun fito da manhajoji da na'urorin amsa saƙo da ke yin abin da a da sai an kira mutum. Ƙananan buƙatu irin su duba kuɗi da sayen data sun bar hannun ma'aikaci.

Abin da ya rage masa shi ne mai wuyar: tantance wanda ya zo dawo da layi, da sasanta sunan da ya saɓa, da bin sawun kuɗin da ya maƙale, da yi wa wanda bai iya karatun boko ba bayani da harshensa. Waɗannan suna buƙatar mutum mai haƙuri da riƙon amana, kuma ingancin abin da mai layi zai samu ya dogara ne a kan irin horo da albashi da kariyar da aka ba wannan mutumin.